Saran bishiyoyin titi a Sheffield, 2012 zuwa 2018

Birnin Sheffield da ke arewacin Ingila ya gaji bishiyoyin gefen titi kimanin 36,000, waɗanda da dama daga cikinsu sun haura shekara ɗari a tsaye. A 2012 majalisar birnin ta ƙulla yarjejeniyar shekara 25 da kamfanin Amey, ta kimanin fam biliyan 2.2, domin gyaran tituna da fitilu da hanyoyin masu tafiya a ƙasa, kuma aka cusa kula da bishiyoyi a cikinta tamkar wani reshe na aikin kwalta.

Daga nan rigimar ta samo tushe. Babu mai jayayya a kan sare bishiyar da ta mutu, ko cuta ta cinye ta, ko take shirin faɗo wa mutane. Amma ƙa'idar majalisar a wancan lokaci ta haɗa har da bishiya "mai ɓarna", wato wadda saiwarta ta ɗaga dutsen gefen titi ko ta tsaga daɓen da ake takawa. Da wannan ma'auni, lafiyayyar bishiya mai faɗin inuwa takan cancanci sara saboda tsagewar da magini zai iya gyarawa, sannan a dasa ɗan tsiro a gurbinta a lissafa shi daidai da ita, alhali sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya yi inuwar da za a fake.

Da asubahin 17 ga Nuwamba 2016 'yan sanda suka tashi mazauna titin Rustlings daga barci domin su janye motocinsu, masu zarto suka hau bishiyoyi cikin duhu, aka kuma kama mutum uku, biyu daga cikinsu mata ne masu shekara 70 da 71. Wannan asubahi ya zubar da amanar da ke tsakanin hukuma da jama'arta fiye da duk wata takarda. Kafin a dakatar da aikin a Maris 2018 an sare bishiyoyi fiye da 5,000, kuma a shekarar ne ta bayyana cewa yarjejeniyar ta ambaci maye gurbin 17,500, kusan rabin abin da birnin ya gada.

Binciken da Sir Mark Lowcock ya jagoranta, wanda ya fito a Maris 2023, ya tabbatar da cewa majalisar ta yaudari jama'a da kotuna, kuma a Yunin shekarar ta fito fili ta nemi gafarar mutanen birnin.