YAWOI

yawoi, suna, namiji, ba shi da jam'i. Aro ne daga Japananci. Hikaya ta zane, a littafi ko a majigi, wadda jigonta shi ne soyayya tsakanin namiji da namiji. Kalmar ta bayyana a Japan wajen ƙarshen shekarun 1970, kuma abin lura shi ne galibin masu wallafa yawoi da masu karanta shi mata ne.

Daga cikin mashahuransa akwai Gravitation, wanda Maki Murakami ta fara a 1996, aka mai da shi zane mai motsi kashi 13 a talabijin a 2000. A cikinsa Shuichi Shindo, saurayi mawaƙin ƙungiyar Bad Luck mai fafutukar neman suna, ya haɗu da marubuci Eiri Yuki, wanda ya kushe baitocinsa tun haɗuwar farko, alhali kuwa wannan kushen ne ya zama mafarin shaƙuwarsu.

Misali, a bakin 'yar New Bell, Duwala: "Yaya, wannan zanen ba na yara ba ne, yawoi ne."