Daga Girka zuwa Kware: Jinyar Mashaya a Ƙasar Gobir

A Tozai da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni, idan yaro ya faɗa shaye-shaye, malami ake fara kai wa kuka. Asibiti kuwa sai an rasa yadda za a yi. Al'adar ta daɗe, tun zamanin Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, lokacin da Innar Gobir ke shugabantar 'yan bori, ana ɗaukar taɓin hankali aikin iska ne, maganinsa girka. Bayan birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1808, allo ya yi rinjaye: rubutun sha da tofi, daga baya ruƙiyya ta shigo.

Likitoci sun daɗe da sanin ƙarfin wannan imani. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara zaunar da masu ciwon hankali a ƙauyen Aro na Abeokuta tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. A Amurka ma, Musulmin Baltimore sun kafa Millati Islami a 1989, suka gina matakan barin maye a kan tuba da salla.

A Arewa abin ya bi wata hanya mai ciwo. Da wiwi da sholisho da kodin da tiramol suka yawaita, iyaye suka riƙa miƙa 'ya'yansu gidajen mari, inda ake haɗa karatu da sasari da bulala. Sai a Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, sannan gwamnatoci suka shiga rufe irin waɗannan gidaje.

Masu aikin nasiha sun san inda gizo ke saƙar. Tiramol idan ya yi yawa yana kayar da mutum yana shure-shure da kumfar baki, dangi su ce aljanu ne. Wanda ya daina shi kwatsam kuma zai yi ta gumi da hamma da gudawa, gaɓoɓi na ciwo, barci ya ƙaurace masa. Wannan aikin likita ne, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato. Aikin malami na biyo baya, kuma ba ƙarami ba ne: ya tuna wa yaro cewa giya ma a hankali aka haramta ta, ya mayar da shi sahun salla, ya roƙi mahaifinsa ya daina kiransa ɗan ƙwaya.

Yau 'yan bindiga sun sa hanyar Sakkwato ta zama abin fargaba, kuma malamin unguwa ne mafi kusa da mashayi. Ya kamata hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da ma'aikatar lafiya ta jihar Sakkwato su koya wa limaman Isa da Sabon Birni alamomin da ke nuna cewa yaro likita yake buƙata.