Dafin Macijin Birazil da Ya Zama Maganin Hawan Jini

A ƙasar Birazil akwai wani maciji mai suna jararaca, dangin kububuwa, wanda saransa kan sa ƙarfin jini a jijiyoyi ya faɗi har mutum ya sume. Daga wannan masifa aka samo magungunan da miliyoyin masu hawan jini ke haɗiya kowace safiya.

A 1965 wani matashin masanin magunguna, Sérgio Ferreira, ya bayyana cewa dafin yana ɗauke da wasu ƙananan sinadarai masu ƙara ƙarfin bradykinin, wani sinadari na jiki da ke buɗe jijiyoyin jini. Ferreira ya tafi da su Landan, ɗakin binciken John Vane. A can aka gano cewa suna toshe wani inzayim da ake kira ACE. Inzayim ɗin aiki biyu yake yi: yana haɗa angiotensin II mai matse jijiyoyi, yana kuma rushe bradykinin. Idan aka hana shi aiki, jijiyoyi su saki, jini ya sauka.

Vane ya ja hankalin kamfanin Squibb na Amurka. Maganin farko da suka samar daga dafin, teprotide, ya yi aiki, amma sai ta allura, ga kuma tsada. David Cushman da Miguel Ondetti suka sauya dabara: suka yi nazarin yadda inzayim ɗin ke kama abin da yake sarrafawa, suka ƙera ƙaramin sinadarin da zai toshe wurin. A 1975 suka samu captopril, ƙwayar da ake sha. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1981. Enalapril da lisinopril suka biyo baya.

Wannan tarihi yana bayyana wani abu da ke damun marasa lafiya da yawa. Tunda maganin yana hana rushe bradykinin, sinadarin kan taru a hanyoyin numfashi, ya haifar da busasshen tari mai naci. Wasu sukan kwashe watanni suna shan maganin tari a banza, wasu kuma su daina shan na hawan jinin ba tare da sanin likita ba, wanda shi ne mafi haɗari. Alhali likita na iya sauya musu da losartan, wanda ke daƙile tasirin angiotensin II ba tare da taɓa inzayim ɗin ba, don haka ba kasafai yake kawo tarin ba.