Daga Gadamas zuwa Kano: Tsohuwar Hanyar Fatake da Sawun Rumawa

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai an mayar da wasu tsofaffin hanyoyin Rumawa hanyoyin yawon buɗe ido a kan keke. Misali shi ne Via Claudia Augusta, wadda aka kammala a zamanin Sarki Kalaudiyas wajen shekara ta 46 Miladiyya. A yau masu keke kan bi ta daga Jamus, su ratsa Austiriya, su sauka Italiya. Wannan maƙala ta duba wata hanya da ta haɗa ƙasar Hausa da wuraren da Rumawa suka taka.

2.0 Hanyar da Tarihinta

A shekara ta 19 kafin Miladiyya, kwamandan Rumawa Kornilyas Balbus ya kai yaƙi Gadamas da Jarma, cikin Libiya ta yanzu. Rumawa ba su iso ƙasar Hausa ba, amma daga baya ayarin fatake sun haɗa Gadamas da Gat da Agadas da Katsina da Kano. Gadamasawa sun zauna a Kano, kuma sunan unguwar Dandalin Turawa shaida ne cewa da can Larabawan arewa ake kira Turawa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bar Tarabulus a 1850, ya ga wani ginin kabari irin na Rumawa kusa da Jarma, ya biyo ta Agadas da Tasawa da Katsina, ya shiga Kano a 1851.

Harshe ma ya adana sawun. Masana da dama sun danganta kalmar takarda da kalmar Latin charta, wadda ta iso Hausa ta bakin Buzaye.

3.0 Kammalawa

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya cinikin hamada, sannan iyakokin mulkin mallaka suka yanyanka hanyar. UNESCO ta sanya Gadamas cikin kayan tarihin duniya a 1986, Agadas kuwa a 2013, sai dai rashin tsaro ya hana matafiya sakewa. Duk da haka, yankin da ke tsakanin Kano da Katsina da Tasawa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya da keke zai iya bi. Kafin hakan ta yiwu, wajibi ne masana harshe su tattara sunayen zanguna da rijiyoyin hanyar daga bakin dattawa tun suna raye, domin da waɗannan sunaye ne za a iya sake zana ta.