Gyaran Turkanci da Tsarin Jimlarsa

A ranar 1 ga Nuwamba, 1928, majalisar Turkiyya ta zartar da dokar da ta soke rubuta Turkanci da haruffan Larabci, aka koma ga haruffan Latin guda 29. A 1932 kuma Mustafa Kamal Ataturk ya sa aka kafa hukumar nazarin harshe, wadda ta duƙufa wajen tsame kalmomin Larabci da na Farisanci. Ta haka ne "muallim", wadda asalinta ɗaya da "malam" ta Hausa, ta ba da wuri ga "öğretmen", "mektep" kuma ta zama "okul".

Amma tun kafin wannan lokaci an fara kokawa game da nahawu. Turkancin fadar Daular Usmaniyya ta Istambul ya ari ƙa'idojin Farisanci na haɗa kalmomi, kamar yadda ake gani a "Bab-ı Ali", wato Ƙofa Maɗaukakiya, inda siffa ta biyo bayan suna, alhali a Turkanci siffa ce ke gabata. A 1911 Umar Saifuddin ya yi kira a wata mujallar Salonika da a yar da irin waɗannan ƙa'idoji na aro, kuma sannu a hankali aka yar da su.

Abin lura shi ne, ginshiƙin jimlar bai motsa ba. Har yau aikau ne ke zuwa da farko, sai karɓau, sannan aikatau a ƙarshe. Wannan tsari ya fi bayyana wajen kawo maganar wani kai tsaye. Bahaushe kan ce, "Ali ya ce zai zo." Baturke kuwa sai ya ce, "Ali geleceğim dedi", wato "Ali, zan zo, ya ce." Idan aikatau ɗin ba na faɗa ba ne, sai a sa kalmar "diye", wadda ta samo asali daga "demek", ma'ana faɗa. Hausa ma haka ta samar da "cewa" daga "ce". Bambancin shi ne "cewa" kan gabaci magana, "diye" kuwa bayanta take bi.

Akwai ƙaramar kalma guda ta Farisanci da ta tsira daga gyaran, wato "ki". Da ita Baturke kan juya tsarin, ya ce "dedi ki", sannan ya kawo maganar. Ta tsira ne domin ta daɗe da shiga bakin talakawa, ba a rubutun fada kaɗai ta tsaya ba.

Saboda haka mai koyon Turkanci a yau yana gaban haruffa da kalmomi na ƙarni na 20, amma jimlar da zai gina da su ta girmi daular da aka rusa a 1922.