Takardar Izini: Daga Ofishin En'e Zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara

A shekarun 1950, duk jam'iyyar da ke son yin lacca a garuruwan Arewa sai ta fara rusunawa a ofishin En'e ta nemi takardar izini. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ita ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta, domin masu sa hannu a takardar su ne waɗanda take suka a kan dandamali. In an hana izini, magoya baya suka taru duk da haka, 'yan doka su yi musu dirar mikiya, gobe da safe sai gaban alƙali: ko bulala, ko gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a wannan zamani saboda tara mata da yi musu jawabi.

Turawa suka tafi, daga baya aka rushe 'yan doka, amma takardar ba ta mutu ba. A 1979 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a, wadda ta ce mai shirya taro ko jerin gwano ya nemi lasisi daga gwamna aƙalla awa 48 kafin lokaci. A aikace, kwamishinan 'yan sanda ne ya riƙe wuƙa da nama.

A Kano ɗin dai aka sake gwada ƙarfin wannan doka. Bayan zaɓen 2003, jam'iyyar ANPP ta nemi izinin yin gangami don nuna rashin amincewa da sakamako, 'yan sanda suka ƙi. A watan Satumba ta kira taronta a Kano, Janar Muhammadu Buhari da abokin takararsa Dakta Chuba Okadigbo suna wurin, aka watsa wa jama'a barkonon tsohuwa. 'Yan kwanaki bayan haka Okadigbo ya rasu, magoya bayansa suka ɗora alhakin a kan hayaƙin da ya shaƙa.

ANPP da wasu jam'iyyu 11 suka garzaya Babbar Kotun Tarayya a Abuja, lauya Femi Falana ya tsaya musu. Hujjarsu gajera ce: sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa, to da wane dalili ɗan sanda zai riƙe mabuɗinsa? A 2005 Mai Shari'a Anwuli Chikere ta ba su gaskiya. Sufeto Janar na 'yan sanda ya ɗaukaka ƙara, amma a Disambar 2007 kotun sama, ta bakin Mai Shari'a Olufunmilayo Adekeye, ta tabbatar cewa neman izini ragowar mulkin mallaka ne, ba shi da gurbi a dimokuraɗiyya. Kotun Ƙolin Ghana ta riga ta yanke irin wannan hukunci tun 1993.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara ɗaure zancen: in an sanar da su taro, aikinsu su turo masu tsaro.

Sai dai hukuncin kotu daban, abin da ke faruwa a kan titi daban. Buhari, wanda jam'iyyarsa ta yi wannan nasara, shi ne shugaban ƙasa lokacin da sojoji suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Lekki a Oktoban 2020. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 kuma, aka gurfanar da ƙananan yara da aka kwaso daga Arewa a gaban kotu a Abuja, wasu suka some a zauren shari'a, sai da ƙasa ta ɗauki zafi Shugaba Tinubu ya sa aka sallame su.

Sashe na 45 na kundin tsarin mulkin ya yarda a taƙaita taro saboda tsaro, kuma ƙone-ƙone da wawure dukiya laifi ne a ko'ina. Amma hukuncin 2007 yana nan daram: mai zanga-zangar lumana a Najeriya ba ya buƙatar izinin ɗan sanda.