Shaɗaranji a Jakar Matafiyi

Wasan da Turawa ke kira ces, Larabawa kuma suke ce masa shaɗaranji, tun asalinsa matafiyi ne. Ya tashi daga Indiya wajajen ƙarni na 6 da sunan caturanga, ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauke shi suka ƙetara da shi Andalus da sauran Turai. Har ƙasar Barno ya iso, inda wasu jami'an mulkin mallaka suka rubuta a shekarun 1930 cewa sun tarar ana buga shi da sunan tsatsarandi, ana kiran manyan 'ya'yansa Mai da Ciroma da Kaigama. Dokokin wasa ba su da nauyi, a ka ake ɗauke da su. Amma allo mai gida 64 da 'ya'ya 32 dole a ɗaure su cikin kaya, su sha girgizar hanya. Tarihin wannan kayan ne ya dame ni a nan, domin duk wanda ya shiga kasuwa yau neman na katako mai ƙarko, mai sauƙin kuɗi, wanda zai shiga jaka, yana neman abubuwa uku ne da masassaƙa suka fi shekara ɗari da hamsin suna ƙoƙarin haɗa su wuri guda.

A 1831 aka tono wasu 'ya'yan shaɗaranji guda 78 a tsibirin Lewis na ƙasar Sikotilan, akasarinsu an sassaƙa su da hauren wata dabbar teku a ƙarni na 12, ana kuma kyautata zaton daga Norwe suka fito. Masana da dama na ganin hajar wani falke ce da bai kai ta kasuwa ba. Sun yi ƙarko har sun kawo zamaninmu, sai dai kaya ne na sarakuna da attajirai. Irin wanda talaka ke wasa da shi na itace ne, kuma mafi yawansa ƙasa da gara sun cinye.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 babu wata siffa guda da aka yarda da ita a Turai. A Ingila akwai samfurori masu dogon wuya da ado mai yawa, masu kyan gani a kan tebur, amma hannun riga na taɓa su sai su kife, baƙo kuma kan kasa bambance wannan ɗa da wancan. A watan Maris na 1849 Nathaniel Cooke ya yi rajistar wata sabuwar siffa, kamfanin John Jaques na Landan ya fara sayar da ita a wannan shekarar, aka laƙaba mata sunan Howard Staunton, gwanin wasan na lokacin, wanda ya tallata ta a jarida. Abin da suka yi ba wani abin al'ajabi ba ne idan an duba: sun faɗaɗa gindin kowane ɗa, suka zuba masa dalma don ya yi nauyi, suka manna ƙyalle mai laushi a ƙasansa, suka rage ado har ya zama injin juya katako na iya fitar da kusan kowane ɗa. Doki kaɗai ya gagari injin, sai da hannu. Har gobe sassaƙar dawakai huɗun nan ce ke cin babban kaso na kuɗin aikin, shi ya sa mai saye da ya san kan abin, dokin yake fara ɗagawa ya duba. Hukumar wasan ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Faris a 1924, wannan siffar take amfani da ita a gasanninta.

Sai dai Staunton ɗan zaure ne. Sarkinsa na gasa ya kai kusan santimita 9.5, allonsa ya haura rabin mita, dalmar da ke hana shi faɗuwa kuma ita ce ke karya kafaɗar mai ɗauka. Ga shi lokacin da ya fito ya yi daidai da zamanin da jirgin ƙasa ya mamaye Ingila, bayan buɗe layin Libaful zuwa Mancesta a 1830. Mutane suka sami sa'o'i na zaman banza a cikin tarago mai jijjiga, inda babu nauyin da zai tsayar da ɗa a gidansa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara neman mafita mutum ne da ɗaliban adabi suka sani ta wata fuskar: likita Peter Mark Roget, wanda ya fitar da shahararren kundin kalmomi masu ma'ana ɗaya a 1852. A 1845 ya tsara allon aljihu na kwali, mai 'yan tsagogi da ake soke 'ya'ya shafaffu a ciki, kamfanin De La Rue ya buga shi. Ya yi arha, ya yi sauƙi, amma kwali kwali ne. Jaques ya bi ta ɗaya ɓangaren a 1853 da wani akwatin katako mai suna In Statu Quo, wanda idan aka danna maɓallinsa sai wani ƙarfe a ciki ya riƙe kowane ɗa a inda yake, a naɗe allon, a ci gaba da wasan gobe. Wannan ya yi ƙarko, har yau ana samun masu aiki a hannun masu tara kayan tarihi, amma kuɗinsa ba na kowa ba ne. Tsakanin biyun sai ga dabarar da nake ganin ta fi duka hikima, wato a huda rami a kowane gida, a yi wa kowane ɗa ɗan turke a gindi. Ba ƙarfen da zai yi tsatsa, ba makullin da zai lalace. Ko da 'yan sama jannatin Tarayyar Sobiyat, Andriyan Nikolayev da Vitaly Sevastyanov, suka buga wasa da mutanen ƙasa daga kumbon Soyuz 9 a watan Yunin 1970, allon da aka yi musu na turaku da kwarmi ne, aka kuwa tashi canjaras.

Batun itacen kansa ya fi komai canzawa. Jaques ya yi fararen 'ya'ya da bokswud, wani itace mai tauri da santsin jiki, baƙaƙen kuma da eboni, wanda dangin kanyarmu ne. Eboni na da kyau da nauyi, amma yana da aibin da masu tara tsofaffin kaya suka sani: idan iska ta bushe sai ya tsuke, ƙarfen da ke cikinsa kuwa ba ya tsukewa, sai gindin ya tsage. Wanda ya san abin da hunturu ke yi wa ƙofa da kujera ba ya buƙatar ƙarin bayani. A yau cibiyar wannan sana'a ta koma birnin Amritsar na Indiya, inda gidajen da suka taɓa sassaƙa hauren giwa suka raja'a kan katako, musamman bayan haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. Su ne suka yaɗa shisham, itace mai ruwan ƙasa da ke jure wahala, da kuma bokswud da aka rina baƙi a madadin eboni. Tun watan Janairun 2017 yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikin dangin itacen da shisham ya fito, kuma a zama guda aka saka madobiyar Afirka ta Yamma, wadda aka yi ta sarewa ana lodawa zuwa Sin. Arhar katako, ashe, wani daji ne ke biyan cikonta.

Maganaɗisu ya zo daga baya ya kori turke daga kasuwa. Yawancin allunan tafiya na yanzu akwati ne mai naɗewa, da farantin ƙarfe a ƙarƙashin siririn katako, da ɗan maganaɗisu manne a gindin kowane ɗa. Yana da daɗin wasa, na yarda, domin ɗa na zamewa a kan allo kamar na zaure. Amma ƙarkonsa duka ya rataya ne a kan gam da ƙarfen maɗaurin da ke haɗa ɓangarorin biyu, su ne kuma ke fara mutuwa.

Saboda haka idan za a tambaye ni, shisham da rinannen bokswud zan nuna, ba eboni ba, ko da kuɗin eboni na aljihu. Allon kada ya wuce santimita 25 zuwa 30 a buɗe, ya kasance da gurbin kowane ɗa a ciki don kada su riƙa karo da juna har kunnen doki ya karye. A karkata allon a ga ko 'ya'yan za su zauna, a buɗe a rufe a ji ko maɗaurin na rawa, a duba ko da ƙusa mai murɗi aka kafa shi. In kuwa aka yi dace da mai turaku, wanda ramukansa suka yi daidai, shi zan ɗauka, domin turken da ya karye kafinta na unguwa zai iya feƙe wani da guntun itace cikin 'yan mintuna.